Jatau da Manhajar Awaki

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani bawan Allah, Jatau. Ya ba arba'in baya, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, sai dai abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Shi da tsohuwarsa Inna Kande suke zaune. Ƙanwarsa Lantana kuwa ta yi boko, har ta haɗa manhajar waya mai tuna wa masu kiwo ranar rigakafin awaki. Burinta a karɓe ta a rumbun manhajoji na jama'a, inda kowa zai sauke kyauta, kafin damina ta kawo ciwo. Sau biyu masu dubawa suna dawo da ita, wai ta ƙi haɗuwa a injinsu, alhali a kwamfutarta lafiya lau. Ana haka ta haihu, ta zo gida wankan jego. Inna ta ce ba ita ba kwamfuta sai ta yi arba'in. Shi ke nan aiki ya faɗo kan Jatau.

Wata rana Lantana ta ce, "Yaya, gwada min ita a kowace waya." Jatau ya ɗau kwando ya bi gida gida, ya tattaro waya arba'in da uku, har da ta liman. Ranar an kasa kiran mai gyaran famfo, mata suka cika ƙofar gida da bokitai. Jatau ya leƙo ya ce, "Ku yi haƙuri, saura talatin."

Wata rana kuma ta ce ya rubuta wa masu dubawa duk abin da aka canza tun aikawar baya, kar ya bar komai. Ya rubuta an canza kwanon ɗaki, an canza limamin Juma'a, Lantana ta sami ɗiya mace. Amsa ta zo daga wata ƙasa mai nisa: "Barka da haihuwa. Manhajar fa?" Lantana ta rufe fuska da mayafi, Inna na ta dariya.

Wata rana hadari ya fara haɗuwa a gabas. Lantana ta miƙa masa takardar haɗa manhajar, wadda injin masu dubawa ma yake bi, ta ce, "Tafi shagon kwamfuta a gari. Ka bi ta layi layi, kar ka ƙara komai daga kanka, ka haɗa ka aika." Tun hantsi ya tafi, har la'asar shiru. Ta kira shi ranta a ɓace.

"Yaya, ka aika?"

"Ina layi na huɗu. Ya ce a buɗe jerin ranakun allura."

"To ka buɗe mana! Ai kowa ya san sai an fara sauko da shi."

"Takarda ba ta ce a sauko da shi ba."

Lantana ta dafe kai. Jerin nan ya shekara a kwamfutarta, shi ya sa ba ta taɓa tunanin rubuta a sauko da shi ba. Ta ce, "Wayyo ni! Ashe injin nasu ma nan yake tsayawa. Irin halinka gare shi, Yaya."

Ta faɗa masa layin da ya ɓace, ya ƙara, ya aika. Kwana uku aka karɓi manhajar, ruwan farko bai ma sauka ba.

Da aka gaya wa Jatau, sai ya yi tagumi ya ce, "Allah sarki. Ni wuni ɗaya na zauna a layi na huɗu. Shi kuwa injin nan wata biyu, ba wanda ya leƙa shi."