Kalmomi Biyu da Na Rage a Kasuwar Argungu

Hantsin wata Alhamis ne, shekarar samun 'yancin kai, daga ni sai direba da lasifika a kasuwar Argungu. Sanarwar da aka ba ni in karanta ta ce ɗakin karatun makarantar jinya a Birnin Kebbi yana ba da aron littattafan magani kyauta. A rediyo an koya mini taƙaita zance, don haka na zubar da "aron littattafan".

Washegari masunta suka cika ƙofar ɗakin. Malama Rifkatu mai kula da shi ta sa aka kirawo ni.

"Malam, wane shafi zan ba mai ciwon baya ya haɗiya?"

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, kai kac ce kyauta, shi as sa munka zo."

Har na yi ritaya, Likita Shafi ake kirana a Argungu.