Ina Lamirin Ya Koma?

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan na rana ta uku ta ƙaramar Sallah ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni shi.

Na daɗe ina koyar da nahawun Larabci a Makka kafin in ajiye aiki in zauna gidana a unguwar Zahir. Jikokina duk a nan aka haife su, kuma gaisuwar alƙali suke yi mini: su sumbaci goshina, su tambayi lafiya da Larabci, su sulale. Wasan nan na jika da kaka da na tashi na gani a Kano, ban taɓa samunsa ba. Abin yana ci mini rai, amma girma ya hana ni faɗa.

A ranar, ɗana Bashir ya kama mana istiraha a bayan gari, wato gidan hutu mai fili da ciyawa. Jikata Hauwa'u, ɗalibar jami'a, ta fito da wani wasa a kwali. Kowane ɓangare na da guntayen katako biyar a jere, a tsakiyar fili kuma akwai babba mai kambi, shi ne sarki. Da sanduna ake jifa. Sai gardama ta tashi a kan layi ɗaya na takardar dokoki: "Man asƙaɗal malika, intaha amruhu." Ma'ana, wanda ya kayar da sarki, al'amarinsa ya ƙare.

"Al'amarin wa?" in ji Bashir. "Na sarkin ko na mai jifan?"

Nan fa na ga dama ta samu. Na ɗora kofin shayina a kan kwalin, na gyara babbar riga, na yi gyaran murya (irin wadda ke sa aji ya yi tsit). Na bayyana musu cewa ƙa'ida ce tabbatacciya, lamiri yana komawa ne ga sunan da ya fi kusa da shi. Wane ne mafi kusa? Sarki. Ashe sarki ne ya ƙare, mai jifa ya yi nasara. Na kawo ra'ayin malaman Basra, na kawo na Kufa, har shayin ya huce.

Hauwa'u ta kira ni yadda ake kiran kaka a nan, ta ce, "Ya Sidi, wallahi ni dai gani nake..."

"Ganinki daban, ilimi daban," na ce da ita. "Miƙo sandar."

Ni da ban jefi ko mangwaro ba tun ina yaro, na auna, na saki. Allah da ikonSa, sandar ta tafi kai tsaye ta doki sarki, ya kife. Na ɗaga hannuwa sama na yi kabbara, har hulata ta faɗi. (Maiɗakina Hajiya Rabi ta ce na ɗan yi tsalle. Ina musun wannan har gobe.)

Ba wanda ya tafa. Hauwa'u ta matso a hankali, ta ɗauke kofina daga kan kwalin, ta juyo mini da murfin. Ga zane nan ƙarara: sarki a kwance, sauran katako a tsaye, mai jifa ya ɗora hannu a ka yana kuka. Ashe sai an gama da ƙananan ake taɓa babban. Wanda ya riga lokaci, shi da mutanensa sun faɗi nan take.

Na buɗe baki zan ce wanda ya fassara dokokin zuwa Larabci ne jahili, Hajiya Rabi ta riga ni daga kan darduma. "Malam, lamirin dai ya koma inda ya fi kusa. Kai ne kusa."

Hauwa'u ta toshe baki, abin ya gagara, ta fashe da dariya har da durƙusawa. "Tsoho ya faɗi! Khalas, intaha!" Da Hausa ta fara, kuma tsoho ta kira ni, a gaban kowa. Na nemi fushi a zuciyata na rasa.

"Ke mummuna," na ce, "na sake ki, na fasa auren. Jera katakon mu sake."

"Wa zai auri mai ci da zuci? Sai ka iya jifa tukuna!"

Sau huɗu muka buga kafin magariba, sau huɗu suka cinye ni, ƙananan jikokin suna rataye a hannun rigata suna koya mini riƙon sanda. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar suna cika mini tsakar gida, kuma babu mai sallama da ladabin da ya wuce kima.

Darasin da na ɗauka kaɗan ne, amma na saye shi da tsada: kafin mutum ya ba da fatawa a kan abin da ke cikin kwali, ya fara ɗaga kofinsa ya ga abin da ya rufe.