Rasuwar Shamuwa, Jirgin Ergash

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ba ta rasa 'yan tambayoyi ba, iyalan Ergash na garin Namangan suna sanar da rasuwar Shamuwa, ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi da hantsi, a gonar audugar bayan gari, a tashinsa na farko.

Marigayin ya yi kusan duk rayuwarsa a kan teburin cin abincinmu, shi ya sa muka ƙare hunturu muna ci kwano a cinya. Mai kawaici ne, bai taɓa ɗaga murya ba sai ranar tafiyarsa: ya ce "ziiiii", ya ce "fat-fat-fat", sannan ya ce "tim". Ya bar rimot, da batir biyu marayu, da maigidana Ergash, wanda tun ranar ko shayi sai an lallashe shi.

A gidan shayi ana ta yaɗa cewa kambun bakan maƙwabcinmu Mirzohid ne ajalinsa. Wai jirgin na ɗagawa ya ce, "Kai, Ergash-aka, yayana, wannan ai ya fi ka kyau!" bai haɗa da Masha Allah ba, nan take leɓen wutsiya ya ɓalle. Ergash ya rantse ba zai ƙara haɗa akushi da shi ba, mutumin da tun suna samari suke cin shinkafar Alhamis tare. Yanzu Mirzohid ta bayan layi yake zagayawa masallaci.

Ni Sanobar, mai rubuta wannan sanarwa, na ga bakin da ya iya kayar da jirgi bai kamata ya zauna ba aiki ba. Na kira shi, na tsayar da shi gaban tsohuwar firjinmu da na daɗe ina fatan ta mutu a sayi sabuwa.

"Sanobar-opa, babbar yaya, ki rufa mini asiri."

"Yabe ta, Mirzohid. Da ƙarfi. Kada ka kuskura ka ce Masha Allah."

Ya yabe ta har ya yi gumi. Ya yabi akuyar da ke cinye mini inabi. Firji tana nan tana gurnani, akuya kuwa ƙiba ta ƙara.

Sai na koma kan gawar. Leɓen wutsiya, wanda ke sa jirgi hawa da sauka, da 'yan gaɓoɓin roba irin na ƙofa ake maƙala shi: kunnuwa biyu da siririn ƙarfe a tsakiya. Ana tsaga katako, a shafa wa kunnuwan gam, a cusa, a ɗiga ɗan basilin a kan ƙarfen kawai don kada gam ya sandarar da shi. Na ja gaɓa ɗaya da yatsa biyu, ta zaro sumul tana ƙyalli. Kyanwarmu ta taso daga barci ta lashe ta.

Na kira Ergash. "Baban Otabek, me ka shafa wa wannan?"

"Kitsen jelar rago mana. Da shi kakanninmu suke maganin komai, har tari. Basilin na yaran zamani ne."

"A kan ƙarfen kaɗai?"

"Haba, Malama, kin taɓa sanina da rowa?"

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan Azahar a murhun tsakar gidanmu, inda katakon marigayin zai taimaka wajen dafa shinkafar zaman makoki. Inji da batir ba za su raka shi ba. An riga an gayyaci Mirzohid, kuma a daman mai gida zai zauna. Ergash zai sami labarin a wannan sanarwa. Masu ta'aziyya su taƙaita, mai makokin ba ya son dogon bayani.

Bakin Mirzohid bai taɓa Shamuwa ba. Kitse ne ya hana gam kamawa, Ergash ne kuma ya shafa shi.