Rasuwar Agogon Ishaku Mai Injin Niƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyar da kai ba, Ishaku mai injin niƙa na Kasuwar Kure yake sanar da rasuwar agogon hannunsa, wanda ya faɗa bokitin ƙullu ranar Talata da hantsi. An tsamo shi, an goge, an tura shi cikin shinkafa, bai farfaɗo ba. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "ɗit-ɗit".

Marigayin ba lokaci kaɗai yake faɗa ba. Yana ƙirga taku da bugun zuciya, ya aika wa Lailatu, 'yar Ishaku, wadda ta ɗaura masa shi. Ita ce ta karanta fiziks, ta koyar a sakandare, sannan ta ajiye alli ta koma aikin data, tana binciken na'urorin da ke gano ciwo kafin ya kwantar da mutum. Tun daga nan baffanta Suleiman yake yawo da ita a dangi, wai ta zubar da digiri ta koma sayar da data. Ishaku bai gama firamare ba, amma ya san wannan datar ba ta waya ba ce.

Marigayin yana da aibinsa, ba za a ɓoye ba. Farkon zuwansa, in inji ya girgiza hannu, sai ya rubuta wai Ishaku gudu yake, alhali mutumin yana tsaye ƙyam, gari ya yi masa fari fat. Da lissafin girgiza na fiziks ɗin da ake cewa ta zubar ne Lailatu ta koya wa agogon bambanta inji da ƙafa. Bayan nan ne ya dage da ƙara, wai zuciyar Ishaku tana tsallake bugu. Likita ya duba, haka ne. Yau Ishaku yana shan magani, yana niƙansa.

Ya rasu ya bar caja, da shatinsa a tsintsiyar hannu, da binciken Lailatu da bai ƙare ba. Suleiman har ya fara cewa sai ta koma aji. Ba za ta koma ba.

Ba za a ba 'yan gwangwan gawar ba. Gobe za a naɗe ta a leda, a ba direba a tasha ya kai wa Lailatu, ta buɗe ta ga ta inda ruwa ya shiga. Ana karɓar gaisuwa a bakin inji. Sauran masu niƙa sun riga sun miƙo hannu Lailatu ta ɗaura musu nasu agogon, binciken ya ci gaba. In Suleiman zai zo, ya zo da hannunsa a miƙe, ko ya yi zamansa a gida.