Maganin Ido a Gemu

"Ya gajiya, amarya? Ko da yake ina gajiya ga mai wuni a ƙarƙashin fanka."

"Lafiya lau, tsoho. Wa ya bar ƙofa a buɗe har ka fito?"

Kakanta ne, mahaifin babanta. Ya jingina sandarsa da teburin kantin maganin nata, ya ajiye 'yar kwalbar da ta ƙare. Likita ya ce masa hawan jinin ido gare shi, in bai riƙa ɗiga magani ba ganinsa zai tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ranar akwai baƙuwa a kantin. Wata jami'a ce zaune kusa da firij, an turo ta ta duba ko masu sayen magani suna fita da sanin yadda za su yi amfani da shi. Jikar ta ji daɗi a ranta, ga wanda ya fi kowa jin bayaninta ya kawo kansa.

"Ruwan famfo kike ɗura min a kwalba, na gano ki," in ji tsohon.

"Ruwan famfo ma ya yi wa idon da ya girmi gishiri yawa."

"Ni na goye ki kina majina, yau wai ke ce likita."

"Kuma har yau ba ka sami mata kamata ba."

"Wahala dai na samu."

Ta miƙa masa sabuwar kwalba, ta zubo bayanin da ta saba. "Ɗigo ɗaya safe da yamma. Ka gane?"

"Na gane tun kafin a haifi ubanki."

Jami'ar ta ɗan gyara zama. "Baba, ko za ka nuna mana yadda kake sawa?"

Tsoho ya cire hula, ya ɗaga kai, ya runtse idanu gam, ya matsa kwalbar. Maganin ya sauka a kan fatar idon, ya bi kunci, ya shige gemu. Ya sa hannun riga ya goge.

"Tsoho, ashe gemunka nake yi wa magani duk watannin nan?"

"Shi ya sa ya fi na tsarana sheƙi."

"Me ya sa kake rufe idon?"

"Wane mai hankali ne zai ga abu ya nufo idonsa ya bar shi a buɗe? Kin ce in ɗiga, na ɗiga. Kin taɓa cewa in buɗe?"

Ba ta taɓa ba. Kullum "ka gane?" take tambaya, ya gyaɗa kai, ta sallame shi. Ta ma manta da baƙuwar. Ta zagayo, ta zaunar da shi a benci.

"Gobe sai asibiti. Yanzu kalli sama. Tsakani da Allah, ya kake gani?"

Ya ɗaga kai sama. "Kwanan nan na daina ganin muninki sosai. Na ɗauka kyau kika fara yi."

Ta ja fatar ƙasan idon da yatsa, ta matsa kwalbar. Ɗigon ya faɗa ciki. Tsoho ya ƙifta, ya yi dariya.

"To, kin ci. Sa min a ɗayan ma. Munin nan na jikata ne, ina so in ci gaba da ganinsa."