Rasuwar Kwamfutar da Ta Rufa wa Darakta Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba a cika faɗa wa kowa ba don gudun dariya, iyalan Darakta suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan aiki rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Rai ya yi mata halinsa da hantsin wata Talata, a kan teburin falo, murfinta a buɗe, wayar caji a jikinta, mai ita yana zaune a gabanta da tabarau a karan hanci. An jinkirta wannan sanarwa ne saboda wasu dalilai da za a ji a ƙasa.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, Darakta dattijo ne da ya yi aiki a ma'aikatar hanyoyi har furfura ta rufe masa kai. A matsayin mataimakin darakta ya yi ritaya, amma wannan magana ce da ba a tayar da ita a gabansa, kuma yau ba ranarta ba ce. Marigayiyar ta shigo hannunsa ne ranar da aka yi masa bankwana a ofis, aka miƙa masa ita cikin kwali ana tafi. Washegari da safe ya farka ya ga babu ofishin zuwa, babu direba a ƙofar gida, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ana jiran sa hannunsa. Ya daɗe zaune a bakin gado. Daga nan ya yi wanka, ya sa kaya masu guga, ya ja kujera gaban teburin falo, ya ɗaga murfinta. Tun daga ranar suke tare.

Sunanta tafi-da-gidanka, amma a iya sanin iyali ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Baƙa ce, mai jiki, mai nauyin da sai da hannu biyu. Ba ta da gaggawa ko kaɗan. Idan aka danna mata maɓalli sai ta yi dogon nazari, Darakta ya sha shayinsa ya ajiye kofi, sannan ta buɗe ido ta ce "tin-tilin", kamar wadda aka tasa daga barci amma ta yafe. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, in ban da fankar cikinta mai cewa "huuu" idan aiki ya yi mata yawa, wato idan an buɗe mata abu biyu a lokaci ɗaya. Maɓallanta kuwa suna da wani "ƙas-ƙas-ƙas" mai kwarjini, wanda ake ji har kicin.

Babban halinta, wanda da shi za a riƙa tunawa da ita, shi ne rufin asiri. Falon gidan hanya ce. Mai ɗakin Darakta, wadda unguwa ke kira Sista, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya amma aikinta ya ƙi yarda ya sake ta. Kullum da masu zuwa, wannan a auna masa hawan jini, waccan a karanta mata rubutun likita, wata da jariri jikinsa zau. Dukkansu ta falo suke ratsawa zuwa barandar baya inda Sista ke zama, kuma abin da suke gani shi ne bayan murfin marigayiyar a tsaye, da saman kan Darakta, da yatsunsa suna motsi. Sai su rage murya su ce, "Sannu da aiki, Darakta." Shi kuma ya ce "Yauwa" ba tare da ya ɗago ba. Wannan gaisuwa ita ce ta riƙe dattijon nan tun da ya bar ofis, ita ce ke sa shi aske gemu da safe.

Abin da ke bayan murfin kuwa, akwai labaran duniya, akwai hotunan jikoki, akwai bidiyon yadda ake gina gadoji a wasu ƙasashe, wanda yakan kalla yana girgiza kai. Sai kuma karta, wadda mutum ke bugawa shi kaɗai. Gaskiya karta ta fi yawa. Marigayiyar ta san haka, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ana roƙon mai karanta wannan sanarwa ya yi koyi da ita.

Ta daɗe tana jinya. Batirinta ne ya fara mutuwa, shekaru da suka wuce, tun daga nan take rayuwa a kan wayar caji kamar mara lafiyar da aka ɗaura wa ƙarin ruwa, da an ɗauke wuta sai ta suma. Sai ciwon gaɓɓai ya kama murfinta, har aka riƙa tokare shi da tsohon ƙamus. Harafi ɗaya ya fita daga maɓallanta, ba a sake ganinsa ba. A watanninta na ƙarshe fankar ta koma tari, jikinta ya riƙa zafi har Sista, wadda ba ta iya ganin zazzaɓi ta yi shiru, ta taɓa ta da bayan hannu ta ce wannan da mutum ce da an kwantar da ita. Ranar da abin zai faru ta ce "tin-tilin" kamar kullum, ta yi "huuu" mai tsawo, ta yi shiru. Darakta ya danna, ya sake dannawa, ya cire waya ya mayar, ya hura mata iska ta gefe. Fuskarsa kawai yake gani a baƙin gilashin.

An garzaya da ita wurin mai gyara a bayan kasuwa, cikin jakarta, Darakta na rungume da ita a mota. Mai gyara ya kwance ta, ya duba, ya sunsuna, ya cire tabaransa, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Allon cikinta ya ƙone, kuma irinta an daina yi tun ina koyon aiki. In kana so ka bar mana ita, za mu ciri abin da zai yi amfani." Darakta ya dube shi da wani irin kallo, ya ce a ɗaure masa ita yadda take. Haka aka dawo da gawar gida, aka ɗora ta a saman kabad.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da linzaminta, wato maus, wanda har yanzu yake kunna jar wutarsa in an jona shi yana neman ta, da jaka mai mataccen zif, da ƙamus ɗin da ya tokare ta har ƙarshe ba tare da an taɓa buɗe shi ba. Ta kuma bar wani fili mai kusurwa huɗu a kan teburin, inda fentin bai koɗe ba.

Magaji bai yi wuyar samuwa ba. Babbar 'yar Darakta, likitar haƙori, ta zo gaisuwa da tabilet, irin kwamfutar nan mai kama da allo, sabo fil a cikin jakarta, siriri, mara nauyi, mai walƙiya. Ta ce, "Baba, duk abin da waccan take yi wannan zai yi maka, har ya fi. Wai ma me kake yi da ita ne?" Darakta ya yi gyaran murya ya ce, "Ayyuka."

Iyali ba za su ci amanar gaskiya ba don suna cikin makoki: yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Magajin yana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. Labarai suna nan, hotunan jikoki sun fi fitowa, gadojin ma sai ka ce ka taka. Ba ya tari, ba ya zazzaɓi, ba ya suma in an ɗauke wuta. Karta kuwa da yatsa ake janta, sumul. Abu ɗaya ya rasa, shi ne baya. Kwance yake zama a kan tebur, fuskarsa a sama, kowa ya gani. Darakta ya sunkuya a kansa kamar mai tsintar tsakuwa a faranti. An gwada masa wani ɗan allon maɓallai da ake maƙala wa magajin, ya tsayar da shi, amma tsayinsa bai kai ya ɓoye ko haɓar dattijon ba, kuma ba ya cewa ƙas.

Jikoki ne suka fara gane cewa an sauya gwamnati. Yaran da a da suke wucewa da sanɗa suka hau masa cinya suna cewa, "Kaka, ba mu mu yi wasa, kai ai ka daɗe kana yi." Gilashin ya cika da sawun yatsu masu maiƙo. Sai surukarsa, yarinya mai ladabi wadda ba ta taɓa aikensa ba, ta rusuna ta ce, "Baba, tunda ba ka komai, ko za ka ɗan riƙe min shi in sauke tukunya?" Ta ɗora masa jariri. Ya riƙe, don yana son yaron, amma "tunda ba ka komai" ta tsaya masa a rai.

Wanda ya ƙarasa shi tsohon direban tasi ne na ƙarshen layi, mai zuwa awon hawan jini. Shekara da shekaru mutumin nan yana wucewa da hularsa a gyare yana gaida Darakta da aiki. Ran nan ya shigo, ya dubi teburin, ya washe baki ya ce, "Sannu da hutawa, Darakta. Ai gara haka, a shekarunmu me ya rage?" Bai wuce ba ma. Ya ja kujera ya zauna kusa, ya leƙa, ya ce, "Au, karta ce? Ɗora jan bakwai ɗin nan a can." Kuma abin takaicin, daidai ya faɗa.

Washegari Darakta bai fito falo ba. Bai aske gemu ba, kayan da aka goge masa suna rataye a jikin ƙofa. Ya kwanta yana kallon silin, magajin yana gefen gado a kife. Ba ciwo yake ba, Sista ta auna duk abin da ake aunawa. Baƙin ciki ne kawai, na mutumin da ya gane cewa gidan nan zai tafi daidai ko ya fito ko bai fito ba. Haka ya yi kwanaki, shayinsa yana hucewa a kan durowa.

Wata safiya Sista ta leƙo ta ce, "Darakta, tashi ka yi wanka, mutane za su fara zuwa." Ya ce su zo mana, ai ba wurinsa suke zuwa ba. Ta ce, "Ban tambaye ka ba." Wanda ya zauna da ma'aikaciyar jinya ya san inda gardama take ƙarewa. Ya yi wanka, ya sa kayan, ya fito yana jan ƙafa.

A kan teburin, daidai inda fentin bai koɗe ba, marigayiyar tana zaune, an goge ta tas, murfinta a tsaye, ƙamus a bayanta. A jikin baƙin gilashinta an jingina magajin, ya shige cif, ba a ganinsa sai an zagayo.

Darakta ya ce, "Sista, ai ta mutu."

Ta ce, "Na sani, ni na sauko da ita. Maɓallan dai ba su mutu ba, ka riƙa taɓa su. Kartar taka tana nan a buɗe, na rage mata sauti." Ta ɗauki na'urar awonta ta nufi baranda, sannan ta waiwayo. "Kuma ka daina barin jan bakwai a baya, tun a waccan haka kake yi."

Ya tsaya riƙe da bayan kujera. Kunya ta kama shi har kunnuwa, ta wuce, wani abu mai daɗi ya biyo bayanta wanda bai san inda zai sa shi ba. Duk shekarun nan ya ɗauka su biyu ne suka san maganar, ashe su uku ne. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya ɗora yatsu. Maɓallan suka ce ƙas-ƙas-ƙas. Jika ɗaya da ya taho a guje ya ja birki a bakin ƙofa, ya juya da sanɗa. Can sai ga direban tasi. Ya dubi bayan murfin, ya gyara hularsa, ya rage murya ya ce, "Sannu da aiki, Darakta." Darakta ya ce "Yauwa", bai ɗago ba, don idanunsa sun kawo ruwa.

Dangane da jana'iza, iyali sun zauna sun yanke shawarar cewa ba za a binne marigayiyar ba, ba kuma za a ba mai gyara ko da ƙusa ɗaya daga jikinta ba. Za ta ci gaba da zama a inda ta saba, ana goge ta kowace safiya. Masu son yin bankwana da ita za su iya ganinta daga baya, an hana zagayowa. Sista za ta karɓi ta'aziyya a barandar baya, tare da awon hawan jini ga mai buƙata. Darakta yana godiya ga duk wanda ya jajanta, yana kuma ba da haƙurin cewa ba zai samu damar tsayawa da baƙi da safe ba. A wuce ta falo a hankali, yana aiki.