Bakwai Sau Takwas a Laburare

Na rantse sai na ci lissafin jarrabawar shiga digiri na biyu, kuma ba da kalkuleta ba. Mu da muka haddace jadawalin sau da bulala? Na shiga laburaren jami'a, na toshe kunnuwa da iyafis, na duƙufa.

Ashe bakina ya koma firamare. Rerawa nake da ƙarfi har da rangaji, kamar malam na tsaye a kaina.

Baturiyar da ke kula da wurin ta matso a ladabce: "Yallaɓai, ɗakin ibada yana sama."

Bitrus, maƙwabcina a unguwar Glenwood, yana teburin baya yana jin komai. Har yau 'ya'yansa na hango ni sai su kwaɗa: "Uncle, seven times eight!"

Abin haushin, wallahi sai na amsa.